Gogen Turawa: yini guda a Nashville

Tun ina firamare a Kaduna nake jin wani sauti a kaset ɗin Don Williams, mawaƙin country na Amurka, da mahaifina ke sawa a mota. A bayan muryar mawaƙin akwai wani abu da ke ja kamar kuka, ya hau a hankali, ya sauko, bai yanke ba. Na ɗauka wani goge ne na Turawa, don a kayan kiɗan da na sani, goge da kukuma ne ke iya sulalewa daga wannan amo zuwa wancan haka. Sai da na girma na ji cewa jita ce mai feda, wadda ake kira pedal steel, amma ban taɓa ganin mai kaɗa ta ba. Shi ya sa da aiki ya kai ni Atlanta, na ce wa ɗan yayata da ke karatu a can ya nemo mana motar haya mu je Nashville, cibiyar kiɗan country.

"Kawu, awa huɗu fa za mu yi a hanya. Saboda jita?"

Na ce masa ko awa goma ce za mu je.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, tafiyar kilomita wajen 400. Mun ratsa Chattanooga, agogon wayoyinmu ya koma baya da awa ɗaya, muka hau tudun Monteagle inda tireloli ke jan ciki. Da muka iso sai muka fara sauka a titin Nolensville, unguwar Kurdawa, waɗanda babu garin da suka kai yawa a Amurka kamar nan. Can muka ci abincin halal, muka yi azahar, sannan muka shiga tsakiyar gari.

Titin Broadway gidajen kiɗa ne jere da juna har zuwa bakin kogin Cumberland, kowanne da makaɗansa, ƙara na tashi ta kowace ƙofa. Mashaya ce akasarinsu, don haka na zaɓi mu je da rana kafin wuri ya cika, muka zauna da lemo a gabanmu. Gidan da na nufa shi ne Robert's Western World, mai takalman kaboyi jere a bango, kuma ina da dalili. A wannan ginin ne kamfanin Sho-Bud ya taɓa zama, wanda Shot Jackson da Buddy Emmons suka kafa don ƙera irin jitar da na zo gani.

Makaɗa biyar ne a dandali. Huɗu kowa na ganinsu, mawaƙin da hularsa mai faɗi yana gaba. Na biyar yana can gefe a zaune, dattijo, kansa a sunkuye kan wani abu mai ƙafa huɗu kamar ƙaramin tebur. Wallahi da ba a wurin kiɗa na gan shi ba, da na ce tela ne a kan keken ɗinki. Sai mawaƙin ya kai ƙarshen baiti ya ja numfashi, dattijon ya ɗan motsa ƙafarsa ta hagu, sai ga kukan nan na motar mahaifina ya cika ɗakin. Tsikar jikina ta tashi. Na daɗe ban iya cewa komai ba.

Na matsa kusa don in ga yadda abin yake. Jitar a kwance take, wuya biyu gare ta, kowanne da tsirkiya goma. Ba ya danna tsirkiya da yatsu. A hannunsa na hagu akwai guntun ƙarfe mai santsi, tsawon yatsa, shi yake zamewa da shi a kansu. A hannun dama ya sa farata uku na aro, biyu na ƙarfe, na babban yatsa na roba. A ƙasa ga feda takwas a jere, ƙafar hagu ke taka su, kowacce tana jan sandar da ke ɗaure wasu tsirkiyoyi ko ta sassauta su alhali suna cikin ƙara. Ƙafar dama tana kan wata feda daban mai ƙara murya da rage ta, da ita yake ɓoye tsinken farko na farce, sai ka ji sautin ya fito kamar daga nesa. Gwiwoyinsa ma ba su huta ba, akwai 'yan sanduna rataye a ƙarƙashi da yake turawa hagu da dama. Duk wannan aiki, fuskarsa ko motsi ba ta yi, kuma a cikin 'yan kallo da wuya ka ga mai duban inda yake. Abin ya ɗan sosa mini rai, don a kunnena shi ne ke riƙe da waƙar.

Can sai na ji irin kukan ya fito alhali hannun dattijon na kan cinyarsa. Ɗan yayata ne ya gano.

"Kawu, dubi kafaɗar wancan."

Saurayin da ke riƙe da jitar lantarki ƙirar Telecaster yana danna wuyanta ƙasa, maɗaurin kafaɗarsa na jan wani inji da aka ɓoye a cikinta, tsirkiya ɗaya tal na hawa. B-Bender ake kiran wannan dabara. Gene Parsons da Clarence White ne suka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1960, don mai jita a tsaye ya ari bakin mai jita a zaune. Ta ainihin Clarence White tana hannun mawaƙi Marty Stuart.

Makaɗan titin nan awa huɗu suke yi a jere, kuma rabonsu ya dogara da abin da aka jefa a tulun da ake zagayawa da shi, liƙi dai irin nasu. Na sa abin da ya sawwaƙa. Da lokacinsu ya cika, dattijon ya kifa jitar a akwati, ya kwance ƙafafunta da sandunan feda ɗaya bayan ɗaya. Na gaishe shi na ce zan taya shi ɗauka. Sai da na sa hannu biyu.

Ta ƙofar baya muka fita, lungun da ya raba gidajen kiɗan da zauren Ryman, inda aka riƙa gabatar da shirin rediyo na kiɗan country mai suna Grand Ole Opry daga 1943 zuwa 1974. A nan muka tsaya hira. Ya ce mini asalin abin daga Hawai ne, inda wani yaro Joseph Kekuku ya fara kwantar da jita a cinya yana goga mata ƙarfe wajen 1889. Fedar kuwa da farko don canza saiti tsakanin waƙoƙi aka yi ta, sai Bud Isaacs ya taka ta ana tsakiyar kiɗa a waƙar "Slowly" ta Webb Pierce, wadda ta fito a 1954. Daga nan makaɗa suka bazama wajen maƙera da makanikai a ɗaura musu feda.

Wannan ɗabi'a ta haɗa kaza da kaza ba ta bar su ba. Ya nuna mini hoton jitar mawaƙi Junior Brown a waya, wadda Michael Stevens ya ƙera masa a 1985: jita ta yau da kullum a sama, ta gogawa a ƙasa, jiki ɗaya, a ɗora ta a kan maɗori a kaɗa a tsaye. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce Pedabro. Mahaifin Paul Franklin, wani makaɗin jitar feda, ne ya haɗa ta, ya ɗauki dobro, jitar nan mai faifan ƙarfe a ciki da 'yan'uwa Dopyera suka fito da ita a 1928, ya sa mata feda. Ɗan ya kaɗa ta a waƙar "Forever and Ever, Amen" ta Randy Travis a 1987. Kaɗan aka ƙera, ba abin da za ka shiga kanti ka saya ba ne.

Da ya ji daga Najeriya nake, sai fuskarsa ta saki a karon farko. Ya san King Sunny Adé, ya kuma san Demola Adepoju, wanda ya shigar da jitar feda cikin kiɗan juju na Yarabawa, har ya kaɗa ta a faifan Graceland na Paul Simon a 1986. Ni kuma na buɗe wayata na sa masa goge. Ya kara ta a kunne, ya rufe ido, yatsunsa na hagu suna zamewa a kan murfin akwatin suna bin mai gogen. Ya tambaye ni tsirkiya nawa ce. Na ce ɗaya, ta gashin doki. Ya ce in sake sa masa daga farko.

Bai kai ƙarshe ba ya duba agogo. Yana da wasu awa huɗun a wani gida can saman titi. Ɗan yayata ya karɓi akwatin daga hannuna, muka bi shi a baya.