Yadda muka tantance bishiyoyin harabar jami'a

Harabar jami'armu a bayan gari take a nan Jigawa, kuma dā gonaki ne. Wannan shi ya fara sauƙaƙa mana aikin. Duk bishiyar da ka gani a jere bakin titi ko gaban ajujuwa, dasa ta aka yi, yawanci maina ce, wadda Kanawa ke kira darbejiya, ko turare. Waɗanda ke warwatse nan da can kuwa, irin su gawo, ɗorawa, kuka da tsamiya, manoma ne suka bar su tun kafin a zo da ginin.

Kayan aikin ba su da yawa: tef ɗin awo, littafi, fenti, waya mai nuna wuri, tsofaffin jaridu da allunan katako biyu. Muka raba filin gida-gida, kowace bishiya muka ba ta lamba da fenti. Ƙusa ba ma bugawa, don tana raunata ɓawo. Kauri ana auna shi ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirji. Ka zagaya tef, abin da ya ba ka ka raba da 3.14, ka sami faɗin gangar jikin. In bishiya ta rabu biyu ƙasa da nan, kowane reshe awonsa daban. Wayar kan kauce da 'yan mitoci, don haka inda itatuwa suka cunkushe sai mu haɗa da zane a littafi.

Babban kuskurenmu shi ne fara zagaye da damina kaɗai. Mun rubuta gawo da yawa a matsayin busassu, alhali ɗabi'arsa ke nan: yana zubar da ganye in ruwa ya sauka, ya yi kore shar da rani. Ɗorawa ma sai wajen ƙarshen rani take sako jajayen furanninta masu lilo kamar ƙwallo. Dole aka sake zagaye na biyu.

Ganye shi kaɗai yana yaudara. Maina da maɗaci dangi ɗaya ne, duka da ɗaci, amma gefen ganyen maina kamar haƙoran zarto yake, ya ɗan lanƙwashe kamar lauje, na maɗaci kuwa sumul. Magarya da kurna sun fi ba mu wahala, sai da muka koyi juya ganyen: bayan na magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne gaba da baya. Aduwa ganyenta bibbiyu, ƙayarta doguwa kuma kore. Bagaruwa a 'ya'yanta ake kama ta, masu tsuke-tsuke kamar carbi, waɗanda majema ke jima da su. Goriba tana rassa, giginya ba ta yi.

Sunan Hausa kuma a bakin dattijan masu gadi muka fi samunsa. Ka ce, "Baba, wannan fa?" kafin ka rufe baki ya faɗa, har da maganin da take yi. Sai dai suna ɗaya kan hau bishiya fiye da ɗaya, kamar farar ƙaya, shi ya sa muke rubuta na kimiyya a gefe: gawo Faidherbia albida, aduwa Balanites aegyptiaca.

Wadda ta gagara, mukan yanko reshe kamar tsawon kamu ɗaya mai ganye da fure ko ɗa, mu shimfiɗa a jarida, mu danne tsakanin allunan da dutse. A kwanakin farko kullum ake canza jaridar. Na farkon da muka bari kwana huɗu cikin watan Agusta duk fumfuna ta cinye su.

Mun kuma ƙara layi a littafin don lafiyar bishiya, domin maɗatai da dama an sassaƙe musu ɓawo don magani. Wanda aka zagaye shi da sassaƙa gaba ɗaya ba ya tashi, saboda ta cikin ɓawon nan abinci ke sauka zuwa saiwa.