Mai riƙe da wuta shi ake fara gani

Ni ne mai jan wasa a teburinmu na Dungeons & Dragons, wasan labarin jarumai da dodanni da ake yi a kan tebur, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mu biyar ne, duk daren Asabar muke zama a falona, da taswira mai gida-gida da ɗan lido mai fuska 20. Dokokin bugu na biyar muke bi, na 2014. Ni nake ba da labari, ni kuma nake riƙe da dodanni, su huɗun kowa da jaruminsa.

Biyu daga cikin jaruman, wato elf da dwaf (jinsunan halittun almara ne masu kama da mutane), suna da baiwar da littafin dokoki ke kira darkvision, mu kuwa ganin duhu muke ce mata. Sauran biyun, ɗan Adam maharbi da wani ɗan guntun haflin (jinsin gajerun mutane ne a wasan), dare ya yi sun zama makafi. Tun farko 'yan teburin suka ɗauka mai ganin duhu dare da rana duk ɗaya ne a wurinsa. Ni ma da farko haka na ɗauka, sai da na zauna na karanta dokar a tsanake.

Ga yadda take. Yawancin masu baiwar, iyakar ganinsu ƙafa 60 ne, gida 12 ke nan a taswira tunda kowane gida ƙafa 5 ne. A cikin wannan tazarar ma duhu bai koma musu rana ba, ya koma kamar magariba ne, dishi-dishi. Wanda ke dube-dube a irin wannan haske sau biyu yake jefa ɗan lido ya ɗauki ƙaramin, kuma makin lurarsa na yau da kullum, wato lambar da ke nuna abin da zai iya ankara da shi ba tare da ya jefa ɗan lido ba, ana rage masa 5. Launi ma ba ya gani, komai toka-toka ne.

Daren da na gwada musu abin, sun tashi ne za su yi wa sansanin goblin, wasu ƙananan dodanni, kwanton ɓauna. Ƙanena ne ke riƙe da maharbin, ya ce ba zai bi jeji yana lalube ba, ya kunna wutar yula. Ban ce uffan ba. Yula tana ba da haske sosai ƙafa 20, sai dishi-dishi na wasu ƙafa 20, jimilla 40. Elf na gani zuwa 60. Gajeren bakan goblin kuwa yana kaiwa ƙafa 80 ba tare da an rage masa komai ba. Sai na jera goblin shida a ƙafa 75, a bayan duwatsu. Babu ko ɗaya cikin jaruman da idonsa ya kai nan, su kuwa goblin ɗin ba su ma buƙaci ganin duhunsu ba, domin abin da ke cikin haske daga nesa ake hango shi.

Wanda ya kai hari ba a ganinsa, sau biyu yake jefawa ya ɗauki babban. Wanda zai rama a kan abin da ba ya gani, ƙaramin yake ɗauka, in ma ya canki gidan da abokin gāban yake. Ga shi goblin na da wata dabara tasa: bayan ya yi harbi yana iya sake ɓuya a zagayen nan, ya matsa gefe. A zagaye na biyu haflin ya faɗi. A na uku maharbin ya bi shi, yular tana ci a ƙasa kusa da kansa, tana ƙara haska sauran.

Ƙanena ya ture kujera ya ce, “Yaya, wallahi wannan zalunci ne. Ta ina suke ganinmu mu ba ma ganinsu?”

Kafin in ba shi amsa aka ɗauke wuta. Falon ya yi baƙi ƙirin, ya laluba wayarsa ya kunna tocila. Fuskarsa kaɗai muke gani, shi kuwa yana ta tambayar ina kowa yake. Aka fashe da dariya, ban ƙara bayanin komai ba. Amma ni ma na san na wuce gona da iri: goblin shida masu jefa biyu-biyu sun yi wa jarumai 'yan mataki na biyu yawa. Na sa dodannin suka kwashi jakunkuna suka gudu, aka tsira da rai.

Mako na gaba suka ce to, ba wuta. Aka ɗaura igiya, elf a gaba, makafin biyu na biye. Dabarar ta yi kyau a ido, sai dai dwaf na sanye da sulke mai nauyi, irin wanda doka ta ce mai shi ƙaramin lamba yake ɗauka in zai yi sanɗa. Makin lurar goblin 9 ne, duhu ya mayar da na idonsa 4, amma kunnensa bai ragu da komai ba. Ƙarar ƙarfe ta tashi mai gadi, aka gwabza a duhu, rabin rundunarsu na sāran iska.

A karo na uku ne suka kama bakin zaren, kuma yarinyar da ke riƙe da elf ce ta kawo shawarar. Jarumarta na da ƙaramin tsafin haske, wanda ake ɗora wa abu ya yi awa guda yana haskawa kamar yula, in an rufe shi kuma hasken ya toshe. Ta ɗora shi a kan tsakuwa, ta naɗe a tsumma. Aka bar dwaf can baya ya tsare hanyar guduwa. Maharbin da haflin suka laɓe a ƙafa 80, waje da ganin goblin. Ita kaɗai ta yi sanɗa ta matsa, ta kwance tsumman, ta wurga tsakuwar tsakiyar sansanin. Nan take goblin suka koma abin kallo, masu harbinsu kuwa suna cikin duhu. Dogon bakan ƙanena na kaiwa ƙafa 150 lafiya lau, goblin kuma makin ransa 7 ne kacal. A dokar 2014, wanda aka shammata ba ya motsi ba ya hari a zagayen farko (gyaran 2024 ya sassauta wannan, mu dai muna kan tsohuwar), don haka kafin su farga uku sun kwanta.

Wani ɗan abu ya so ɓata musu aiki. Sun yi da wani fursuna a sansanin cewa zai ɗaura jan ƙyalle a tantin da yake, kada a harba can. Elf ta leƙa kafin a jefa tsakuwar, na ce mata ƙyallaye uku take gani, duk ruwan toka. Sai da haske ya sauka ta gane tantin.

Yanzu sun ɗauki tsakuwar nan kamar laya, duk inda aka je ita ce. Sansani na gaba na riga na zana shi. Na ɗaure kyarketai biyu a bakin hanya, su kuwa da hanci da kunne suke aiki, doka ma ta ba su jefa biyu su ɗauki babban a kan haka. Ban gaya wa kowa ba, sai Asabar.