Abin da na koya daga wayar ƙarfen da ke auna matsin dutse

A watannin da na yi ina karɓar horo a wani ramin haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, aikin da aka fi ɗora mini shi ne karanta na'urorin da ke auna sauyin matsi a cikin dutse. A aji an koya mana cewa duk zurfin mita 1,000 yana ƙara matsin da ya kai kimanin megafaskal 27 (megafaskal ma'aunin matsi ne), amma sai da na ga bangon rami yana ɓarewa falle-falle kamar bawon albasa na fahimci cewa nauyin da aka haƙe ƙarƙashinsa ba ya ɓacewa, komawa yake yi kan ginshiƙan da aka bari. Rushewar irin waɗannan ginshiƙai ce ta hallaka mutum sama da 430 a ramin kwal na Coalbrook da ke Afirka ta Kudu a 1960.

Na'urar da muka fi aiki da ita ɗan zoben ƙarfe ne mai kauri, wanda ake turawa cikin huda mai faɗin milimita 38, a matse shi har ya kama dutse gam. A cikinsa akwai siririyar waya a ɗaure tamau kamar tsirkiyar garaya, ta yadda idan dutse ya ƙara danne zoben sai tsaurin wayar ya sauya, saurin kaɗawarta ma ya sauya, akwatin karatu kuma ya fitar da lamba.

Abin da ya fi zama mini darasi shi ne cewa wannan na'ura ba ta san nauyin da ta tarar a wurin ba, sauyin da ya biyo bayan girka ta kawai take gani, a fuska guda tak. Saboda haka karatun ranar farko shi ne tushen komai, kuma wanda ya rubuta shi da sakaci ya lalata aikin watanni.

Wata rana na kawo rahoton cewa matsi ya tashi a wani ginshiƙi, hankalina a tashe. Injiniyan da ke kula da ni bai dubi lambar ba tukuna, sai ya tambaye ni zafin hudar a lokacin karatun, ni kuwa ban rubuta ba. Ashe an sauya hanyar iskar sanyaya ramin a makon, kuma ƙarfe da dutse ba sa amsa zafi daidai da juna. Muka sake sauka tare, muka auna zafin, muka gyara lissafin, sannan ya kwatanta sakamakon da na na'urori biyu da ke maƙwabtaka kafin ya sa hannu a bar ma'aikata su shiga.