Ranar da ta ajiye mini takarda a kan tebur

Shekara shida ina shugabantar ɗakin karatu, kuma cikin duk waɗanda na ɗauka aiki babu wadda na yi alfahari da ita kamar yarinyar da na damƙa wa katalog, wato kundin jerin littattafanmu. Wata biyar ke nan da tafiyarta, har yau in na gifta ta gaban teburinta sai raina ya sosu.

Ɗaukarta ba ta ba ni wahala ba. A intabiyu ban tsaya kan takardun makaranta ba. Littattafai na zube wa kowa a gabansa, na ce ya ba su lamba bisa tsarin Dewey, wanda ke kasa littattafai rukuni goma gwargwadon fanninsu, ya kuma nuna mini kantar da zai jera su. Wani ya karanto rukunai goman nan daga 000 zuwa 900 ba tuntuɓe, har ya san a 1876 tsarin ya fara fitowa, amma da ya riƙe littafin tarihin likitanci sai ya tsaya inda-inda. Ita kuwa ta buɗe, ta leƙa cikinsa, ta ce 610.9, sannan ta tambaye ni su wa suka fi zuwa neman irinsa. Nan take na san ita ce.

Da muka bar rubuta katalog a kati muka koma Koha, manhajar kwamfuta ta tafiyar da ɗakin karatu, ita na tura horo. Ta dawo ta laƙanci MARC 21, tsarin shigar da bayanan littafi a kwamfuta, ta san 245 gurbin sunan littafi ne, 100 na marubuci, 020 na ISBN, wato lambar shaidar littafi, 082 na lambar Dewey. Ta koyi jawo bayanan littafi daga kundin wasu laburare ta Z39.50, hanyar da kwamfutocin laburare ke neman bayanai a wurin juna, maimakon a buga komai da hannu. To daga nan na fara ɓata rawata da tsalle. Duk abin da ya taso sai in ce a kai mata. Kwamfuta ta ƙi, a kai mata. Rahoton ƙarshen wata, a kai mata. Kalmar sirrin manhajar ma ita kaɗai ke riƙe da ita, ni kuma ina ta murna wai na horar da ma'aikaciya.

Sau biyu ta shigo ofishina ta ce, “Yallaɓai, aikin da nake yi yanzu ba shi ne a takardar ɗaukata ba. Ko za a duba?” Sau biyun kuma amsa ɗaya na ba ta: “Ki yi haƙuri, za a duba.” Ban duba ba. Wasiƙar neman ƙarin girma, shafi ɗaya tak, ban zauna na rubuta ba. A raina horon da na tura ta ya isa tukuici, alhali horon nan shi ya ɗaga darajarta a idon wasu, ni kuma na bar ta a matakin da ta shigo da shi shekara uku.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Wata cibiya ta ba ta muƙamin da ya yi daidai da aikin da take yi mana. Da na tambaye ta dalili, ta ce albashin bai fi namu da wani abin kirki ba, sunan aikin ne, da kuma wanda zai saurare ta. Wannan maganar ta fi takardar ajiye aikin yi mini zafi.

Ta yi mana halacci, ta rubuta duk abin da za ta iya kafin ta tafi. Amma ilimin shekara uku ba ya shiga kan wani cikin wata ɗaya. Sababbin littattafai suka taru a kwalaye, ɗalibai na zuwa tambaya muna ba su haƙuri, littafin kuwa yana bayan ƙofa ba lamba.

Yanzu ba na tura mutum ɗaya horo, sai biyu, kuma wanda ya dawo zai koya wa sauran a makon. Kowane aiki an rubuta yadda ake yinsa. Duk wata shida nakan zauna da kowa, in ɗauko takardar ɗaukarsa in gwada da abin da yake yi a zahiri. A haka na gano yaron da ke teburin aro ya daɗe yana koya wa masu karatu bincike a intanet ba tare da an sa shi ba. Makon jiya na rubuta masa wasiƙar da ban rubuta mata ba, tun bai buɗe baki ba. Kwali huɗu suka rage a bayan ƙofa, shi da abokiyar aikinsa ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya.