Batirin kekena ya yanke a kan tudu

Yau da safe keken lantarkina ya mutu ina tsakiyar hawan tudu, alhali allon na nuna saura layi uku na caji. Dole na sauka na tura. Mai gyara ya auna batirin, ya ce wasu ƙwayoyin ciki sun gaji, da an buƙaci ƙarfi sai wuta ta faɗi, na'urar kariya ta yanke komai. Ya dube ni ya ce, "Malam, kana jona caji da zarar ka dawo, batiri da zafinsa?" Na yi shiru, don kullum haka nake yi, har ya kwana a jone.

Abin ya tsaya mini a rai. Keken nan ke kai ni aiki kullum, amma ban taɓa ba shi ko rabin awa ya huce ba.