Kilimanjaro: abin da mutumin Maraɗi zai sani kafin ya hau

Kilimanjaro, a arewacin Tanzaniya, dutse ne mai aman wuta da ya yi barci. Kawuna uku gare shi: Shira da Mawenzi sun mutu, Kibo kuwa barci kawai yake, har yanzu ana jin warin kibiritu a raminsa. Tsayinsa mita 5,895. An kafa gandun ƙasa da ke kewaye da shi a 1973, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora mai lasisi.

Ba ƙarfi ke kai mutum sama ba, haƙuri ne. Maraɗi ba ta kai mita 500 bisa teku ba, a ƙololuwar kuwa iskar da ke shiga huhu kusan rabin ta Maraɗi ce. Mai gaggawa zai fara da ciwon kai, sai amai, wani ma ruwa ya taru masa a huhu. In ta kai haka, maganin ɗaya ne: a sauka nan take.

Hanyar Marangu tana da ɗakunan kwana, amma tafiyarta ta kwana 5 ta yi gajarta, jiki ba ya samun lokacin sabawa da ƙarancin iska. Gara kwana 7 ta hanyar Machame, cikin tanti. A sha ruwa lita 3 zuwa 4 kullum. Rigar sanyin jaura ba ta isa ba, don ruwa daskarewa yake cikin gora. A guji Afrilu da Mayu, lokacin damina ne can.