Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Hutun da Na Yi Ina Huda Takarda a Yamai

Assalamu alaikum, masu bin wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda direkta ya kira ni ofis ya ce sunana ya fito cikin malaman Tawa da wata ƙungiya za ta kai Yamai horon koyar da yara naƙasassu a babban hutu, tunda a ajina na CP, wato aji biyu na firamare, aka kawo wata yarinya makauniya. Yau sai tafiyar.

Bari in fara gaya muku da me aka sallame mu daga makarantar horon malamai. An koya mana shirya takardar darasi, minti nawa za a ba bita, minti nawa za a ba sabon karatu, yadda ake raba tabulo gida uku, har da yadda malama za ta tsaya kada ta tare wa yara rubutu. Sai dai duk yaron da aka siffanta mana a waɗannan darussa yana gani, yana ji, yana zuwa lakwal da ƙafafunsa. Mun haddace dokar ilimi ta 1998, wadda ake kira LOSEN, saboda jarrabawa, kuma a cikinta an ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne. A 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Takarda dai ta yi nata. Amma ba ita ke tsayawa gaban yara sama da tamanin a ajin zana ba, ga ɗaya a cikinsu da ba ta ganin allin da ke hannunka.

Maigidana yana Abijan lokacin, kamar rabin mazan Adar, don haka izini wurin Inna, uwarsa, na nema. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, makaho mi shika yi da lakwal? Ba Allah ya riga ya buɗe mishi tashi hanyar abinci ba?" Na ce, "Inna, makafi nawa ne a garin nan suka sauke Alƙur'ani da ka?" Ta ce, "Wanga karatun Allah na." Ba mugunta ba ce ta sa ta faɗi haka, abin da ta tashi ta gani ke nan: makaho da ƙwarya, da yaro a gaba riƙe da sanda. Surukina ne ya raba gardamar daga kan buzunsa, ya karanto farkon suratu Abasa, ya tuna mata Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman sani, wanda daga baya ya zama ladanin Manzon Allah (SAW). Ya ce, "Bar ta ta tahi." Inna ta ɗaura mini kilishi da tsakin gero a leda.

Hanyar ba sai na ba ku labarinta ba, kilomita fiye da 500 ce ta Konni da Dogon Dutsi da Doso. Na sauka wurin gwaggona a Bukoki.

Kashin farko na horon a wani babban zaure aka yi shi, mai sanyin na'ura, da manyan takardu manne a bango. An yi mana bayanin haƙƙi, an ba mu labarin taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, inda ƙasashe suka yarda cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, ba a ware shi can gefe ba. An ɗaure mana idanu da ƙyalle aka ce mu zagaya zauren, muka yi ta karo da kujeru ana dariya. Ban raina wannan kashi ba, ya gyara wa wasu zuciya. Akwai wani mushe, wato malami namiji, daga wajen Madawa da ya zo yana cewa "waɗannan bayin Allah", ya tafi yana cewa "ɗalibaina". Amma gaskiya ɗaya ce, da a nan aka tsaya aka raba mana takardar shaida da kuɗin zama, da na koma Tawa da tausayi fal ciki, hannuna kuwa babu abin da ya iya. Kuma da yawa daga cikin horon da ake yi wa malamai a nan yake tsayawa.

Abin ya canja ne ranar da aka shigo da wata mata makauniya, dattijuwa, fes da ita, da farar sanda a naɗe cikin jaka. Kowa Tanti yake ce mata. Ƙyanda ce ta tafi da idonta tana ƙarama, ta yi karatu a makarantar makafi ta Soli Abdurahaman da ke nan Yamai, kuma tana cikin ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN. Ba ta yi mana jawabi ba. Ta ce a raba wa kowa tabilet da puwanso. Tabilet wani ɗan allo ne na roba ko ƙarfe mai ƙananan tagogi a jere, ana maƙala takarda mai kauri a cikinsa, puwanso kuma ɗan tsinken ƙarfe ne mai mariƙi, da shi ake huda.

Rubutun makafin da kansa, wanda ake kira Braille, ba shi da yawa. Kowane harafi yana zaune a gida mai ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, kamar an gina gurabun dara shida a ƙasa. Da waɗannan shidan ake fitar da alamomi 63. Ɗigo na farko shi kaɗai shi ne a, na farko da na biyu b. In ka riƙe haruffa goma na farko, daga a zuwa j, ka ci rabin aikin, domin goma na biye su ɗin ne aka ƙara musu ɗigo na uku. Harafin é na Faransanci shi ne ya cika gidan duka. Wanda ya tsara shi, Louis Braille, Bafaranshe ne da aka haifa a 1809, ya ji ciwo a ido yana shekara uku a shagon dukancin babansa, ya makance, kuma bai kai shekara ashirin ba ya gama tsara rubutun, aka buga shi a 1829. Tanti ta ce mu lura, ba mai gani ne ya zauna ya tausaya wa makafi ya yi musu ba.

Wahalar tana wurin hudawa. Ana huda takarda ta baya, ɗigon ya kumburo ta gaba, don haka daga dama zuwa hagu ake rubutu, kuma kowane harafi a juye, sai an gama a birkice takardar a karanta daga hagu. Mu da muka yi makarantar allo hannunmu bai yi gardama da tafiya daga dama ba, juyin haruffan ne ya sha mu. Harafin e da i kishiyoyin juna ne, haka d da f, haka h da j. Sai ka huda layi guda kana murna, Tanti ta shafa yatsa sau ɗaya ta ce, "Ƙanwata, wannan wane yare ne? Ko Adaranci ne aka fara rubutawa haka?" Ta kan tsokane ni da Ba'adara, ni kuma in ce Tanti ai ku mutanen Yamai ba ku iya Hausa ba. Tafin hannuna ya yi kanta, babban yatsa ya kumbura. Da aka rufe horon ban koma gida ba, na ci gaba da zuwa gidanta da la'asar har hutun ya kusa ƙarewa, domin ta ce mini a fili, abin da muka koya a zaure ya isa mu rubuta sunanmu ne kawai, bai isa mu gyara wa yaro dikte ba.

Ita ta nuna mini abubuwan da babu su a takardun da aka raba mana. Malami mai gani da ido yake karanta Braille, ba da yatsa ba, kuma aikinsa ne ya bi ɗigon yaron ya rubuta da bik a samansa, don duk wanda zai duba jarrabawa ya iya karantawa. Lissafi da wani faranti mai ramuka ake yi, kubaritim, ana jera ƙananan duwatsu masu ɗigo a ciki, yaro ya tara ya ɗebe a tsaye yadda ƴan uwansa ke yi a kan ardwaz. Takardar Braille tana da tsada kuma ba a samunta a kantin unguwa, to ta koya mini yanka tsofaffin kalanda da bangon mujallu. Mun zauna a tabarma mun yi taswirar Nijar a kan kwali: zare aka manna ya zama kogin Isa, yashi ya zama Tenere, tsakuwa duwatsun Abzin, ƙwayar wake kowane babban gari. Ta ɗora yatsa a kan waken Tawa ta ce, "Ga garinku, ko ruwa babu."

Darasin da ya fi zama mini shi ne ranar da aka ce kowa ya gwada koyarwa, Tanti ta zauna a benci a matsayin ɗaliba. Wani abokin aikinmu, gwani ne ƙwarai a lissafi, ya tashi ya cika tabulo, yana nunawa da sanda yana cewa, "In kun ɗauki wannan kun haɗa da wannan, sai ya ba ku wancan." Tanti ta ɗaga hannu. "Mushe, wanne ne wannan?" Zauren ya yi tsit, sannan aka fashe da dariya. Ku je kowane aji ku saurara, rabin maganar malami "wannan" ce da "nan" da "kun gani". Sai malami ya horar da bakinsa ya riƙa faɗin duk abin da hannunsa ke rubutawa, ya kira yaro da sunansa maimakon nuna shi da haɓa, ya faɗa in zai fita daga aji. Daga baya na ga ashe yaran bencin baya, masu idanu lafiya lau, su ma sun fi ganewa in an yi haka.

An kuma kai mu makarantar kurame ta Hasan Bana Ba. A nan na fi jin ƙanƙantar abin da aka ba mu, domin maganar hannu harshe ne cikakke, ba a koyonsa a zama biyu. Wadda ake koyarwa a makarantun ƙasashenmu masu Faransanci ta samo tushe daga ta Amurka, ta hanyar Andrew Foster, wani kurma baƙar fata Ba'amurke da ya buɗe makarantun kurame a ƙasashen Afirka da dama kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Ta bambanta da maganar hannun da kurame ke yi a ƙauyukanmu da kasuwanninmu. Yawancin yaran da ji aka haife su, sanƙarau ne ya toshe musu kunne, irin annobar 1995 da har yau ake tunawa da ita. Malamin da ya karɓe mu, shi ma kurma ne, ya nuna mana cewa kada ka yi magana ka ba aji baya, kada ka tsaya a bakin taga haske ya rufe fuskarka, kada ka yi ihu don ihu yana ɓata siffar leɓe.

To ku duba. Makauniya tana so in yi magana ina rubutu a tabulo. Kurma yana so kada in ce uffan sai na juyo. In Allah ya haɗa mini su a aji ɗaya, kuma ya haɗa daga baya, sai in rubuta ina faɗa, in juyo in sake faɗa fuskata a fili, hannuna yana nunawa. Wannan ba a jin sa a jawabi a iya. Sai an yi ta yi, wani wanda ya iya yana zaune a baya yana gyara maka.

Shi ya sa har gobe ra'ayina bai canja ba. Wurin wannan karatu shi ne makarantar horon malamai, tun shekarar farko, kowane ɗalibin malanta ya riƙe puwanso ya kuma iya gaisuwa da ƙirga da hannu, ko da bai taɓa haɗuwa da mai buƙatarsu ba. A sa shi cikin tarukan ƙara wa juna sani na CAPED da malamai ke yi a yankinsu, konseye mai duba aikin malamai ya san abin da zai duba in ya shigo aji. Kuma masu koyarwar su zama irin su Tanti, da albashinsu. Tun a 1993 aka yi dokar da ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ga gurbin da babu wanda ya fi su cancanta da shi. Akwai ma yaran da ba a lissafa su ko kaɗan, ƴan jagora, masu idanu garau da ke wuni suna jan iyayensu a tasha. Wannan labarin wani mako ne.

Ranar da zan taho Tanti ta ba ni tabilet ɗinta na tun tana ɗaliba, duk gefensa ya cinye. Na ce, "Tanti, ke fa?" Ta ce tana da injin Perkins mai bugawa, kuma in na bar shi ya yi ƙura a kan kabad za ta ji labari, makafi ba abin da ke ɓoye musu. Na iso Tawa ana saura kaɗan a koma lakwal a watan Oktoba, da buhun kalanda da gwaggo ta tattaro mini a ofisoshin da take shara.

Da na je gaida direkta sai na ga ya kasa haɗa ido da ni. Ya jawo durowa ya miƙo mini takarda. An yi canjin wuraren aiki a cikin hutu, an mai da ni wata makarantar ƙauye a hanyar Keita, ajina kuma an ba wani sabon ɗan kwantaragi da ko ganin puwanso bai taɓa yi ba. Wanda ya jera sunayen bai san an kai ni horo ba, waɗanda suka kai ni horon kuma ba su da hannu a jerin sunaye. Na ce, "Direkta, yanzu duk abin nan ya tashi a banza ke nan?" Ya ce, "Madam, ni ma daga sama ta zo mini."

Ranar Litinin da sassafe na goya ɗana, na sa tabilet da taswirar kwalin nan cikin leda, na hau kabu-kabu sai ofishin sufeto. Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.